"Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as": wa ke da kazar a teburin foka?

Ɗan Marusa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Gardama ce ta kaure a majalisarmu ta Ƙofar Marusa a kan karin maganar nan, "mai kaza a aljihu ba ya jimirin as", na ce bari in kawo ta gaban manya. Mukan buga foka a waya, irin gasar nan ta kyauta da ake ba ka kwandalolin wasa, ba kuɗi ba, tun kafin wani ya jawo mini aya. Ga wanda bai san wasan ba: karta ce mai kati 52, kowa a ba shi biyu a rufe, sannan a shimfiɗa biyar a tsakiya, uku tukuna, sai ɗaya, sai ɗaya, kowane zagaye kuma ana zubi. In ka zuba mai yawa kowa ya tsorata ya ajiye katinsa, ka kwashe abin da ke tsakiya ko da hannunka ba komai, ba wanda zai gani. Burga ke nan. Abokina ya ce mai yin burgar shi ne mai kazar, tunda shi ke ɓoye abu. Ni na ce wanda ake yi wa burgar ne. A raba mu.

Malamar Hausa: Wa alaikumus salam, ɗana. Abokinka ya fi ka kusa da asali. Mutum ne ya saci kaza ya tura a aljihun babbar riga, yana tafe kamar na Allah. Sai matar wani gida ta fito tana korar nata kajin daga shanyar gero, "as! as!" Ba da shi take ba, ba ta ma gan shi ba, amma cikinsa ya ɗuri ruwa, don ya san ta aljihun za ta motsa ko ta yi kuka. Ana faɗinta ne ga mai laifi. A taron ƙungiya a ce kuɗin asusu bai cika ba, ba a kama sunan kowa ba, sai ka ga wani ya miƙe yana kumfar baki. To shi ne. Saboda haka in dai ɓoyo ne ma'auni, mai burga ke da kaza.

Injiniya: Allah ya ƙara wa Malama lafiya, ban ja da asalin ba, amma a ba ni dama in tsaya wa Ɗan Marusa. Lokacin da nake karatu a Ingila ɗalibai kan shirya ƙananan gasa, kuɗin shiga fam biyar, abin da bai fi na abincin rana ba. Abin da ido ya nuna mini shi ne, mai burga ba shi da abin da "as" zai tayar masa. Shi ne ma mai cewa "as" ɗin. Ya zuba ne don ya ga aljihun wa zai motsa. Wanda ke riƙe da hannu matsakaici, ba mai ƙarfin da zai bugi ƙirji ba, ba kuma na banzan da zai yar ba tare da ciwon rai ba, ga kwandalolin da ya sha wuya ya tara, shi ne zai kasa zama daidai a kujera.

To matsalar ƙaramar gasa ita ce, yawancin mutanen teburin aljihunsu wayam yake. Wanda ya shiga da fam biyar, balle wanda ya shiga kyauta, me zai ji tsoron rasawa? Ka tura rabin abin da ke gabanka da fuskar shanu, ya bi ka, wato ya zuba daidai da naka, da 'yan katinsa biyu masu lamba huɗu-huɗu, don kawai yana son ya ga abin da ka riƙe. In ya faɗi ya danna ya shiga wata gasar. Irin wannan ba a yi masa burga, sai dai ka jira hannu mai kyau ka zuba, shi da kansa zai kawo maka.

Ustaz Na-Sabuwar-Unguwa: Ɗan Marusa ya ce kada a jawo masa aya, to ni zan jawo, don ba tasa ba ce balle ya hana. Suratul Ma'ida, aya ta 90, ta haɗa caca da giya wuri guda ta ce a nisance su. Fam biyar ɗin Injiniya caca ce, ƙanƙantarta ba ta sauya mata suna. Ta kyautar ma malamai da yawa ba su sake mata fuska ba, don cinye lokaci take yi, kuma daga kwandalar wasa ake zarcewa ta gaske. Sannan ku da bakinku kun ce burga nuna abin da babu ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Injiniya: Allah gafarta Malam, maganar kuɗi ba ni da ta cewa, ban kuma ce kowa ya sa sisinsa ba. Amma ƙarya fa? Kowa ya zauna a teburin ya san dokar wasan ta yarda da hakan. Hausawa ma sun ce yaƙi ɗan zamba ne.

Ustaz Na-Sabuwar-Unguwa: Yaƙi aka ce, ba karta ba.

Kawu Dillali: Ni ban san fokarku ba, amma abin da Injiniya ya faɗa na san shi a kara. Ku je Mai'adua ranar Lahadi. Mai saye ya taya sa, mai sa ya ce albarka, sai mai sayen ya kaɗe rigarsa, ya saɓa hula, ya kama hanya kamar ya haƙura, alhali ransa na kan san. Mu da ke tsakani mun san wanda wannan tafiyar ke kamawa. Wanda ya jawo sansa guda ɗaya tun asuba, ya biya mota, biki saura kwana uku, rana ta fara karkata, kafin mai sayen ya yi taku goma za ka ji "dawo, Alhaji, kawo kuɗin". Amma Bafulatanin da ya bar garke a daji, ya zo gwada kasuwa ne kawai, ko kallonka ba zai yi ba. Ka yi ta tafiya har Kongolam. Kai ne za ka dawo da kunya, kuma farashin ya ƙaru. Mai hankali sai ya karanci mai dabbar kafin ya kaɗe riga.

Ɗan Marusa: Kawu ya gama magana! Amma Injiniya, ka rage wa burga daraja da yawa. Ai da ita Chris Moneymaker ya ci gasar duniya a Las Vegas a 2003. Akanta ne kawai daga jihar Tennessee, ta ƙaramar gasar intanet ya samu kujerar da ake biyan dala 10,000, ya doke mutum 838, ya tafi da dala miliyan biyu da rabi. Bidiyon na nan, hannunsa sarki ne da bakwai, ba su haɗu da komai ba, ya tura duka.

Injiniya: Madalla da ka kawo shi, don hujjata ce ba taka ba. Duba wanda ya yi wa. Sam Farha tsohon hannu ne, ya san abin da zubi irin wannan ke nufi a al'ada, shi ya sa ya tsaya yana lissafi. Tara ya riƙe da ta haɗu da taran tsakiya, ya fi Moneymaker nesa ba kusa ba, amma su biyu suka rage, na biyu zai karɓi miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, na ɗaya miliyan biyu da rabi. Kazar da ke aljihun Farha ke nan, ta fi dala miliyan. Ya daɗe yana juya abin a ransa, ƙarshe ya ajiye. Ka kai wannan hannun gasarku ta waya, kafin ka ɗauke yatsa an bi ka.

Sannan mutane kan manta da zagayen da ya gabaci na ƙarshen. Lokacin da ya fara ƙara zubi, Moneymaker na da hanyoyin tsira: kati ɗaya ya rage masa ya haɗa biyar masu alama iri ɗaya, ɗaya kuma ya rage ya haɗa biyar a jere. Ba su zo ba ne kawai. Wannan ita ce burgar da ta fi dacewa da ƙaramar gasa, wadda ko an bi ka kana da mafita. In kana da huɗu masu alama iri ɗaya bayan an shimfiɗa ukun farko, saura tara irinsu ba su fito ba, kuma kusan sau 35 cikin ɗari, ɗayansu zai faɗo kafin a gama. Ka ga ƙofa biyu ke gare ka, ko ya ajiye, ko katinka ya zo.

Lissafin kuwa ba wuya. A ce 1,000 ke tsakiya ka zuba 500 ba ka da komai. In yana ajiyewa sau ɗaya cikin uku, ka fita ba riba ba faɗuwa. In ka zuba 1,000 cif, sai ya riƙa ajiyewa sau ɗaya cikin biyu. To ƙaddara mutum uku ne a gabanka, kowannensu rabi da rabi ne ya ajiye. Su ajiye su duka ukun, sau ɗaya ke nan cikin takwas. A ƙananan gasa kuwa da wuya ka ga hannun da mutum huɗu ko biyar ba su shigo ba.

Baba Na-Daura: Yara, ina karanta ku ina dariya. Wato dai kun ɗauki ɓarawon kaza kun mai da shi mai kaza na halal da ke tsoron asara. Mu dai da muka taso, ba a faɗin wannan magana ga mutumin kirki. In tsoron asara kuke nufi, akwai tasa: da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni. Ku bar wa ɓarawo tasa.

Injiniya: Ranka ya daɗe, wannan da ka kawo ita ce ke cikin zuciyar mutum a daidai lokacin da burga ke ci. Gasa ta mutum ɗari, galibi goma zuwa sha biyar na sama ake ba lada. To a ce sha biyar ne, saura mutum sha bakwai a zaune. Nan take teburin ke sauyawa. Mutumin da ɗazu ke bin kowa ido rufe, yanzu ya ƙanƙame abin da ke gabansa yana jiran wasu biyu su faɗi. Ko a gasar kyauta haka ne, in dai akwai tikiti ko suna a allo. Amma ba kowa ba. Mai tari babba zai bi ka don ba za ka iya fitar da shi ba. Wanda ya kusa ƙarewa zai tura duka don zubin dole, wanda ake yi bi da bi kafin a raba kati, na cinye shi ko ya zauna shiru. Na tsakiyan nan ake nema, kuma in son samu ne kai ne na ƙarshen magana, ka riga ka ga kowa ya yi sanyi.

Malamar Hausa: Baba ya fi ni tsauri. Karin magana tana yawo, kuma na sha jin matasa a Katsinan nan suna faɗin wannan ga wanda ke da abin da yake kāre wa, ba lallai na sata ba. A jarrabawa dai ba zan ba da maki a kai ba. Tambayata ga Injiniya: in burga ba ta ci a irin wannan gasa, me zai hana a bar ta gaba ɗaya?

Injiniya: Malama, wani masanin lissafi, John von Neumann, shi da Oskar Morgenstern sun yi wannan nazarin tun 1944. Wanda ba ya burga sam, duk ranar da ya zuba kowa ya san ya riƙe abu, sai a gudu a bar shi da ɗan abin da ke tsakiya. Amma wannan sai a teburin da ake lura da kai. A gasar su Ɗan Marusa rabin mutanen suna wasa ne suna kallon ƙwallo, ana kuma sauya maka tebur kafin wani ya haddace sunanka. In ma an kama ka sau ɗaya, kan mage ya waye, to shi ke nan, ka daina, ka bar su su yi ta bin ka ranar da hannunka ya cika.

Ɗan Marusa: To ga wanda ya jawo gardamar tun farko. Zagayen farko na gasa, mu biyar a hannun, ban haɗa komai ba, ba kuma abin da nake jira. Na tura duka.

Injiniya: Mutum nawa suka bi ka?

Ɗan Marusa: Uku.

Kawu Dillali: Garke uku ka kaɗe wa riga, ɗana.