'Yata 'yar aji 11 tana son horon aiki mai albashi a dogon hutu, amma an ce mu za mu fara biya

Uwar_biyu:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu yara a sakandare a nan Amurka ku ba ni shawara. Babbar 'yata shekararta 16, tana aji 11 a New York, tunda aka shiga sabuwar shekara ta hana ni sakat wai ita bana ba za ta zauna a gida ba, ƙawayenta duk suna ta cike fom na horon aikin nan da ake tura yara ofis ko asibiti su yi sati shida ko takwas ana biyansu. Ni ban ƙi ba, don bara hutun nan daga waya sai barci sai faɗa da ƙaninta. To jiya sai ga ta da wani imel, wai an zaɓe ta cikin ɗalibai masu hazaƙa, za a haɗa ta da kamfani, a ƙarshe a ba ta takardar shaida da ɗan kuɗin kashewa, amma sai mun biya kuɗin rajista kafin Juma'a in ba haka ba a ba wani gurbin. Ita har ta fara rawa a falo. Babanta ya ce tunda yake bai taɓa jin aikin da ma'aikaci ke biyan mai gida ba, yanzu gidan ba mai yi wa wani magana. Haka ake yi ne? In ba haka ba ne ina ake samun na gaskiya, kuma waɗanne takardu za mu tanada?

Kawun_yara:
Wa alaikumus salam Hajiya. Maigidanki na da gaskiya, ku riƙe kuɗinku. Ki tambayi yarinyar abu ɗaya tak, ta taɓa cike wa mutanen nan fom? In ba ta cike ba, to da me suka auna hazaƙar tata? Wannan "kafin Juma'a" ɗin ma dabara ce ta hana mutum zama ya yi tunani.

Tunda a New York kuke ki fara da na gwamnatin birni, SYEP, wato shirin aikin hutun bazara na matasa, hukumar matasa ta birnin, DYCD, ce ke tafiyar da shi kuma ya daɗe, tun 1963 ake yi. Daga shekara 14 zuwa 24 ake ɗauka, sati shida ne a Yuli da Agusta, kuma ko sisi ba a biya wajen nema. 'Yan 14 da 15 ayyukan koyo ake haɗa musu a rukuni a ba su alawus, 'yan 16 zuwa sama su ake turawa wurin aiki har awa 25 a sati a kan mafi ƙarancin albashin birnin, wanda a 2025 dala 16.50 ne a awa. Ki buga, awa 150 kenan, dala 2,475 kafin a cire abin da za a cire. Matsalarsa ɗaya, yawancin gurbin da ƙuri'a ake rabawa, duk da gurbi ya kai 100,000 masu nema sun fi haka, ni ɗana na biyu sau biyu yana nema kafin ta faɗo masa. Akwai kuma wani shirin, Ladders for Leaders, a ƙarƙashin hukumar, shi ba ƙuri'a ba ne, ana duba maki da abin da yaro ya rubuta da kuma gogewarsa. Kuma duk tun cikin sanyi ake buɗewa a rufe, wanda ya jira sai an kusa hutu ya makara.

Gobe ma ki sa ta je ofishin makarantarsu ta nemi takardar izinin aiki, duk wanda bai kai 18 ba a jihar nan sai da ita. Kati ne, shuɗi na 'yan 14 da 15, kore na 'yan 16 da 17 da ke makaranta. Za su buƙaci sa hannunki da shaidar haihuwa da takardar likita ta cikin shekara ɗaya. A nan ne iyaye ke shan wahala wlh, a kira yaro a ce ya fara Litinin, a tarar takardar likita ta tsufa ga layin ganin likita sai bayan sati uku.

Malama_Z:
Ban ƙi maganar Kawu ba amma kar a haɗa su duka a ce 'yan damfara ne. Akwai waɗanda da gaske suna koyarwa, sai dai makaranta ce ta hutu suka sa mata sunan aiki don ya fi daɗin ji. In kuna da hali kuma kun san darasi kuke saya ba laifi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a karɓi mai yawa a hannunki a mayar wa yarinya kaɗan daga ciki a ce albashi. Damfarar zalla kuma ita ce wadda za su turo mata cek su ce ta sa a banki ta sayi kwamfuta a wurin wani nasu ko ta mayar da canji, bayan kwanaki cek ɗin ya dawo na bogi, bankin kuma ku zai bi bashi.

Autar_gida:
Anti ni na yi irin wannan bayan aji 11, a wani ofishin ƙungiyar agaji, bari in faɗa mata gsky tun yanzu don kar ta je da dogon buri. Satin farko ba abin da na yi sai zura takardu a injin sikan ina sa musu suna, ranar Laraba har kuka na yi a banɗaki don na ɗauka zan je in dinga zama a mitin. Wata dattijuwa da teburinta ke kusa da nawa ta lura, ta ce min kullum in na gama abin da aka sa ni kar in zauna ina danna waya, in tashi in je in ce na gama, akwai wani? Haka na dinga yi ina jin kunya, a sati na uku suka ba ni wani jadawalin Excel da ya hargitse, sunayen mutane sun maimaitu wasu sau uku, na gyara shi cikin kwana biyu, daga nan fa kowa ya san sunana.

Kuɗin sun ƙare kafin Oktoba, takalmi da waya suka tafi da su, kar ki faɗa wa mamata lol. Amma matar nan ita ta rubuta min wasiƙar shaida lokacin neman jami'a, kuma labarin jadawalin nan na rubuta a maƙalata ta neman jami'ar. 'Yarki ta roƙi irin wasiƙar nan tun kafin ta bar wurin, ta karɓi imel ɗin wanda ya kula da ita, in aka yi wata shida mutane mantawa suke. Sannan ta lissafa hanya, ni jirgi biyu nake shiga da bas, wurin da ya fi kusa ko da bai kai suna ba wani lokacin ya fi.

Mai_lissafi:
Hajiya kan maganar takardu. Ranar farko za su ba ta fom biyu, I-9 na tabbatar da tana da izinin aiki a ƙasar, da W-4 na haraji, kuma sai da lambar Social Security. In ɗiyar ƙasa ce ko tana da girin kad, wato katin zama na dindindin, ba matsala, amma yaran da ke zaune a kan bizar iyaye irin F-2 ko H-4 ba su da izinin aikin albashi, wannan a tabbatar kafin a karɓi ko dala ɗaya. A albashi na yau da kullum ana cire kashi 7.65 cikin ɗari na Social Security da Medicare, wato asusun fansho da na lafiyar tsofaffi, shi ba ya dawowa, amma harajin tarayya da aka cire wa mai ɗan ƙaramin samu irin nata yawanci yana dawowa in ta cike takardar haraji a farkon shekara, yara da yawa barin kuɗinsu suke don ba wanda ya faɗa musu. Ki kuma tambaya wace takardar haraji za su ba ta, W-2 ta ma'aikaci ko 1099. In 1099 ne ba sa cire komai, sun ɗauke ta mai zaman kanta, kuma da ribarta ta kai dala 400 ita za ta biya harajin Social Security da Medicare ɗin da hannunta, sai ta ware wani abu tun daga biyan farko. Batun awanni, a jihar New York ɗan 16 ko 17 a lokacin hutu ba ya wuce awa 8 a rana, 48 a sati.

Uwar_biyu:
Kai Allah ya saka muku da alheri, ya raya mana zuri'a. Kawu na yi mata tambayar nan, ta yi shiru can ta ce ita dai ta taɓa sa imel ɗinta a wani shafi na neman tallafin karatu. Na tura musu saƙo na ce wane kamfani ne, nawa ne a awa, W-2 ne ko 1099, amsar da suka dawo da ita wai sun rage mana kuɗin rajista sun kuma ƙara mana kwana uku. Babanta dariya har da riƙe ciki, ita ma daga baya ta taya shi. Autar_gida, na ba ta wayata ta karanta naki sau biyu. Na duba takardar likitanta ashe tun Nuwamban shekarar da ta wuce waccan ce, na kira sun ba mu ranar 19.