Ku da kuka yi zaman jinya ko kuka binne naku, me ya riƙe ku?

Mai buɗe zance: Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Kun san yadda Agusta da Satumba suke cika asibitocin Maraɗi da yara masu masassara. Duk wanda ya taɓa jinya ko rashi, ya faɗa mana yadda ya dogara ga Ubangiji. Ba wa'azi nake nema ba, abin da ya same ku nake son ji.

Wata uwa daga unguwar Zariya: Ɗiyata ce masassara ta kayar, har da jijjiga, likita ya ce jininta ya yi ƙasa sosai. A daren nan addu'a ta gagare ni, sunan Yesu kawai nake kira ina riƙe da ƙafarta. Da asuba matan zumunta suka zo da kunu, suka zauna a tabarma suna yi mini addu'ar da na kasa. Jinin kuma ɗan maƙwabcinmu Musulmi ne ya bayar. Ta tashi, yanzu tana makaranta.

Wani dattijo daga Danja: Ni kuturta ta kawo ni asibitin da mishan SIM suka buɗe a nan a 1956. Na sha magani, cutar ta mutu, amma yatsun da suka tafi ba su dawo ba. Ranar da wani mai bi ya sa hannu a kwanona muka ci tuwo tare, na san Allah bai yashe ni ba.

Wata gwauruwa daga Tsibiri: Nawa bai tashi ba. Sanƙarau ya ɗauke maigidana a tsakiyar bazara, muna azumi muna roƙo. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu cewa da bangaskiyarmu ta kai, da ya warke. Don Allah ku daina faɗa wa mai makoki haka. Na daɗe ba na iya buɗe baki a waƙar sujada, sai in zauna a bencin baya in yi shiru. Fasto bai matsa mini ba. Wata rana ya zo gida ya karanta mini Yohanna 11, inda Marta ta faɗa wa Yesu kai tsaye cewa da yana nan da ɗan'uwanta Li'azaru bai mutu ba. Bai tsawata mata ba, har shi ma ya yi kuka kafin ya isa kabarin Li'azaru. Tun daga nan nake kai masa kukana yadda yake. Har yau akwai daren da ba na barci, amma na gaskata zan ga maigidana ranar tashin matattu.

Wani malamin asibiti: Sannu Inna, Ubangiji ya ƙara ta'azantar da ke. Iyaye kuma, yaro ya yi zafin jiki ko wuyansa ya sandare, ku yi addu'ar a kan hanyar asibiti, kada ku jira gobe. Luka da ya rubuta Bishara ai likita ne.

Wani saurayi daga Ali Ɗan Sofo: Inna, babana ne kwance, an sallamo mu an ce mu kula da shi a gida. Shi ke ƙarfafa mu, kullum da dare sai ya ce in karanta masa Zabura 23, ni kuwa muryata ta yi ta rawa. Ku sa mu a addu'a. Wanda ya san yadda ake juya majinyaci don kada kwanciya ta yi masa gyambo, ya yi mini bayani.