Yadda ake gwada kernel kan kuskuren RAM

Isufu, Yamai: Assalamu alaikum. Sabar ma'aikatarmu ta tsaya sau biyu cikin zafin Afrilu saboda kuskuren RAM (ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta), kuma abin ya dame ni ƙwarai. Yaya zan gwada martanin kernel, wato zuciyar tsarin Linux, ba tare da jiran wata lalacewa ba?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, ƙanena. Tun Linux 2.6.32 na 2009, madvise, hanyar da manhaja ke ba kernel umarni kan RAM, tana karɓar umarnin MADV_HWPOISON, wanda ke ɗaukar shafi (ƙaramin yanki na RAM) tamkar ya lalace, kuma manhajar da ta taɓa shi za ta sami SIGBUS, wato siginar kuskure daga kernel.

Malam Sani: Haka ne, Hajiya, amma wannan bai bi ta firmware, wato manhajar da ke cikin na'urar kanta, ba. Tsarin EINJ na ACPI (ƙa'idar sadarwa tsakanin firmware da kernel) ke cusa kuskuren daga tushe. Isufu, kada ka gwada EINJ a sabar aiki, domin yana iya kashe ta nan take.