Git ne bai da wayo ko adireshin saba ne ya canza?

Ɗan Fagge: Jama'a wallahi raina a ɓace yake. Ranar Litinin aka canza mana rauta a ofis, tun daga nan duk git push da na yi (wato tura aikina saba ta Git, manhajar da muke ajiye lambobin aikinmu da ita) sai ya tsaya cak, can ya ce connection timed out, kwana biyu aikina na kan laftof ɗina kaɗai. Ashe sabarmu da ke ƙarƙashin teburin oga ta tashi daga adireshi 192.168.0.20 ta koma 192.168.1.35 kuma ba wanda ya faɗa min. Git ɗin nan bai da wayo sam.

Maman Ilham: Sannu ƙanina. Buga git remote -v za ka ga tsohon adireshin na nan, sai ka yi git remote set-url origin ka liƙa sabon (origin shi ne sunan da Git ya san sabar da shi). Layi ɗaya ne a .git/config.

Abba Linux: Tsaya malam, abin da ke ƙarƙashin tebur kake kira saba? Tsohuwar kwamfuta ce dai. Saba ta gaskiya ba a barin DHCP, tsarin da ke raba wa na'urori adireshi kai tsaye, ya riƙa raba mata adireshi yadda ya ga dama.

Ɗan Fagge: Mu biyar muke tura aiki kanta, in ba saba ba mece ce?

Injiniya Sani: Duk na'urar da ke amsa buƙatar wasu na'urori saba ce Abba, ko 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi ce.

Abba Linux: Na rantse Windows ce a kai.

Injiniya Sani: To sai me? Ku 'yan Linux kullum haka, a taron da muka yi bara ma wa ya kasa haɗa laftof da furojekta har aka ara masa tawa?

Abba Linux: Wayar haɗawa ce ta lalace ranar, kowa ya gani!

Maman Ilham: Don Allah wani ya gaya wa Ɗan Fagge kar ya goge origin ya sake ƙarawa, rassan aikinsa za su daina bin na saba.

Abba Linux: Ni dai abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda laifin nasu ne da suka ƙi ba kwamfutar tsayayyen adireshi, kuma har yanzu ba wanda ya kawo hujja cewa saba ce.

Ɗan Fagge: Anti na yi set-url ɗin, yanzu kuma SSH, manhajar da ke haɗa ni da sabar, na tambayata wai in yarda da fingerprint, wato alamar shaidar sabar, in rubuta yes?