USB ko Thunderbolt: Wanne Kuka Yi Aiki Da Shi, Me Kuka Gani?

Sabon Shiga: Jama'a barkanmu da war haka. Ina shirin sayen katin sauti na waje don naɗar murya da jita a kwamfuta. Wajen hanyar haɗa shi da kwamfutar, wasu sun ce USB ya ishe ni, wasu sun ce in ba Thunderbolt ba asarar kuɗi ce. Wanda ya yi aiki da su da hannunsa don Allah ya faɗa mini abin da ya gani.

Mai Haɗa Kiɗa: Ƙanena, na daɗe a kan USB 2.0, kuma bai taɓa cika mini ba. Yi lissafi da kanka. Makirufo ɗaya a ingancin sauti na 24-bit da 48 kHz yana cin kusan megabit 1.2 a daƙiƙa, shi kuwa USB 2.0 an tsara shi a kan megabit 480. Na ɗauki ganguna da makirufo takwas a lokaci guda, ko gezau. Shi ya sa katuna da yawa masu ramin USB-C, irin su Scarlett na Focusrite, a ciki USB 2.0 suke gudu. USB-C siffar rami ce kawai, ba ita ce gudun ba.

Mai Waƙa a Ɗaki: Ni abin da ya dame ni jinkiri ne. Sai in yi waƙa, muryata ta iso hedifon a makare, duk in rikice. Mutane suka yi ta cewa laifin USB ne. Ashe bafa ce, wato yawan gutsattsarin sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa, aka bari a 1024, kuma manhajar ba ta hau direban ASIO na katin ba, wato 'yar manhajar da ke haɗa katin da manhajar naɗa kai tsaye, na Windows take amfani da shi. Da aka mayar da bafa 128, magana ta ƙare. A 48 kHz jinkirin bafa 128 bai kai milisakan 3 ba a shiga, sai a ƙara na fita da na juya sauti. Yanzu ma maɓallin jin kai tsaye nake dannawa, muryar ta dawo kunnena tun kafin ta shiga kwamfuta.

Injiniyan Situdiyo: Hajiya ta taɓo inda yake. Direba shi ne gaba da komai. Ina da Thunderbolt, kuma ba zan ɓoye amfaninsa ba: ina saukar da bafa zuwa 32 ko 64 mawaƙi yana jin kansa ta cikin fulogin, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti, kwamfutar ba ta tari, domin hanyar PCIe, ta cikin kwamfutar mai saurin gaske, yake bi kai tsaye. Amma na ga katin USB mai direba nagari, irin na kamfanin RME, yana biye da shi kafaɗa da kafaɗa. Kafin ka saya, leƙa gefen kwamfutarka. Tun Thunderbolt 3 na 2015 raminsa iri ɗaya ne da USB-C, alamar walƙiya ko takardar bayanin kwamfutar ce za ta tabbatar maka. In ramin USB-C ne zalla, katin Thunderbolt ba zai tashi ba ko ka kwana kana sokawa. Kebul ɗin ma nasa daban ne.

Tsohon Hannu: Ku bar ni da FireWire, tsohuwar hanyar haɗa kati da kwamfuta. Katina lafiyarsa ƙalau, sautinsa ma har gobe ina sonsa, amma sababbin kwamfutoci ba su da ramin. Sai da na jera adafta biyu kafin ya yi magana, daga baya kamfanin ya daina sabunta direba. Ɗana, ko a ɓagas aka miƙo maka na hannu, ka yi godiya ka wuce.

Sabon Shiga: Baba na ji. To PCIe fa, da wanda ake haɗawa da wayar Ethernet?

Injiniyan Situdiyo: PCIe sai kwamfutar tebur, a cikinta ake kafa shi, jinkirinsa kaɗan ne ƙwarai amma ba ka fita da shi. Na Ethernet, kamar tsarin aika sauti na Dante, na manyan wurare ne masu ɗakuna da yawa: wayar tana kai mita 100, ta USB 2.0 kuwa mita 5 ce iyakarta. Mai makirufo ɗaya da jita ba ruwansa da wannan.

Mai Waƙa a Ɗaki: Ƙarin abu ɗaya. Kada ka soka katin a marabar USB, wato na'urar da ke raba rami ɗaya zuwa ramuka da yawa, tare da linzami da faifan ajiya. Ramin USB 2.0 miliamfiya 500 yake bayarwa, in ka kunna wutar 48V ta makirufon kondensa a kan marabar da ba ta da wutar kanta, za ka ji ƙas-ƙas ko katin ya ɗauke. Nawa ya sha yi mini haka har sai da na ba shi raminsa shi kaɗai.

Sabon Shiga: Na duba laftof ɗin, babu alamar walƙiya. USB ke nan, mai shiga biyu. Yanzu zan bi shafukan kamfanonin in ga wanda yake sabunta direbansa na Windows 11.