Taƙaitawar Shawarwari Kan Gobara a Gida

Ga inda aka tsaya bayan doguwar tattaunawa kan abin da za a yi idan gobara ta tashi a gida:

1. Baki ya zo ɗaya cewa a fara fitar da mutane, sannan a kira 'yan kwana-kwana nan take, domin a ƙaramin gari ma'aikatan ba su da yawa.

2. Idan mai ya kama wuta a tukunya, kada a zuba ruwa, domin zai fantsama da wutar. A kashe murhu, a kifa murfi.

3. Hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, saboda haka a fita da rarrafe, a taɓa ƙofa da bayan hannu don jin ko ta yi zafi kafin a buɗe.

An rabu kan tukunyar kashe gobara: wasu na ganin wajibi ce, wasu na tsoron ta jinkirta tserewa. A ganina, ƙaramar wuta kaɗai ta dace da ita.