An sa sunana a kwamitin sa ido kan 'yan sanda, in karɓa?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Za a kafa kwamitin farar hula da zai riƙa karɓar ƙorafin jama'a kan 'yan sandan yankinmu, kuma an sa sunana. Na karanta takardar kafa shi. Aikinmu mu saurari mai ƙorafi, mu rubuta rahoto, mu miƙa wa shugaban 'yan sandan, shi ke nan. Abin da nake tsoro shi ne uwa ta zo min da hawaye an daki ɗanta, ta tafi tana zaton akwai abin da zan iya yi. Masu sani ku ba ni shawara.

Ɗalibin Lauya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki amsa tukuna. Ki tambaye su ko kwamitin yana da ikon tilasta a kawo masa takardu da bidiyo, da kiran ɗan sanda ya zo ya amsa tambaya. Idan babu, wanda ake ƙara ne zai riƙa zaɓar abin da za ku gani. Ki kuma tambayi inda kuɗin aikinku zai fito, don in daga aljihun rundunar ne, to bakinku ya rufu tun ba ku buɗe shi ba.

A New York tun 1993 hukumar ƙorafinsu ta koma hannun farar hula zalla, da masu bincikenta da ikon kiran shaida, amma duk da haka hukuncin ƙarshe yana wajen kwamishinan 'yan sanda, kuma sau da yawa yakan sassauta abin da suka ba da shawara. A Ireland ta Arewa kuwa, ofishin da aka buɗe a 2000 shi ke binciken ƙorafi da ma'aikatansa, ba ya mayar wa 'yan sanda su binciki kansu. Ni wannan nake so a kwaikwaya.

Tsohon Sajan:
Hajiya ki karɓa. Na yi aikin, na san inda ɓarna take faruwa: ɗakin tsare mutane, da daddare. A Ingila 'yan sa kai ne ke shiga caji ofis ba sanarwa, su gana da waɗanda aka tsare, su duba an ba su abinci, an faɗa musu haƙƙinsu. Wallahi ɗan sandan da ya san za a iya shigowa ƙarfe biyun dare yakan kama kansa. Roƙona ɗaya, ku saurari ɗan sandan shi ma, don ba kowane ƙorafi ne gaskiya ba.

Uwar Biyu:
Na gode muku. Zan je zaman farko da sharaɗi biyu a rubuce: ikon ganin takardu, da ziyarar ba-zata. Baba Sajan, idan na shiga, wane littafi zan fara cewa a buɗe min?

Tsohon Sajan:
Rajistar tsararru. Ki duba ranar da lokacin da aka kawo kowa, sannan ki ƙirga mutanen da ke ciki da kanki, ki ga ko sun yi daidai da sunayen.